ƘWAYA ƊAYA BAYAN KIRAN ISHA'I

  

A wannan karo ba maganar kwalliya ko girki na zo muku da ita ba. Magana ce mai nauyi, wadda na daɗe ina juya ta a raina, yau in ce zan rubuta, gobe in ce a'a. Sai da na nemi izinin mai ita, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Yaya, ki rubuta, amma kada ki kama sunana. Ko Allah zai sa wata ta tsira." Don haka ba za ku ji suna ko unguwa daga bakina ba. Autarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Auta zan ci gaba da kiranta kamar yadda muke yi a gida.

RANAR DA TA ZO DA KUKA

Auta tana da shekara 19 aka ɗaura mata aure, ba ta daɗe da gama sakandare ba. Mijin ɗan aminin Babanmu ne, mutum mai kunya da ladabi, kuma suna son juna irin son nan da har unguwa ke labari. Ya taɓa aure, matar ta rasu bayan doguwar jinya, kowa ya ce taifod ne. Da wani kawunmu ya kawo maganar a je a yi gwajin jini kafin ɗaurin aure, sai manya suka taso masa, wai ɗan gida ne, an san asalinsa, wa zai dubi idon mahaifinsa ya ce a auna masa ɗa? Ai cin fuska ne. Lokacin kuwa ba a yi dokar nan ta Jihar Kano ba, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024, da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin aure. Haka aka sha biki aka watse.

Wata biyar da tarewa sai zazzaɓi ya sa mijin a gaba, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ga rama, ga tari. Da aka gaji da maganin kyamis aka tafi babban asibiti, likita ya sa aka ɗebi jini. Sakamako ya fito, yana ɗauke da ƙwayar HIV, wato mai jawo ƙanjamau.

Abu ɗaya zan yaba masa har gobe: bai ɓoye ba. A daren ya zaunar da ita ya gaya mata, yana kuka tana kuka. Washegari ya kai ta aka auna ta, Allah cikin ikonsa ba a ga komai a jininta ba.

Da yamma sai ga ta a gidana, ido ya kumbura. Ta faɗa jikina ta ce, "Yaya na shiga uku na lalace." Da ta gama ba ni labari, wallahi abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Tashi mu je ki kwaso kayanki." Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, shi ma fa bai sani ba. Da ya so ya cuce ni ai da shiru zai yi. Ni ina son mijina."

Na rasa ta cewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zama ko fita, wannan hukuncinta ne, kuma duk wadda ta zaɓi fita ba ta yi laifi ba. Ita dai zama ta zaɓa. Abin da ya rage mini shi ne in tabbatar zaman nan bai ci lafiyarta ba.

ABIN DA SISTA TA GAYA MANA

Na raka su asibiti. Sistar da ke kula da wannan sashe dattijuwa ce, ta rufe ƙofa ta zaunar da mu, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ni da nake ganin na yi boko, ranar na san rashin sani ya fi dare duhu.

Ta ce magani iri biyu ne, kada mu haɗa su. Na mijin shi ne maganin rage kaifin cutar, zai sha kullum har iya rayuwarsa. In ya riƙe shi da gaske, yawanci cikin wata shida ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'urar awo ta kasa ganinta. Wanda kuwa ya kai wannan matsayi ya kuma dawwama a kai, ba ya sa wa iyalinsa cutar ta hanyar kwanciyar aure. Wannan ba ta-ci-barkatai ba ce, an yi bincike a kan dubban ma'aurata an tabbatar.

To amma kafin a kai can fa? Nan ne maganin Auta ya shigo. Shi na riga-kafi ne, na wanda ba ya ɗauke da cutar, ma'aikatan asibiti suna kiransa PrEP. Ƙwaya ɗaya ce a rana, a cikinta akwai magunguna biyu, babban shi ne tenofobir. Ita ƙwayar HIV in ta shiga jiki, sai ta kutsa cikin sojojin jini masu kare mu daga cututtuka, ta riƙa hayayyafa a ciki. Maganin nan yakan riga ta shiga ya zauna, in ta zo sai ta tarar an toshe mata hanyar hayayyafa, ta kasa kafuwa. Sai dai jiki yana fitar da maganin a hankali, shi ya sa dole a riƙa ƙara shi kowace rana.

Sista ta ce, "'Yata, kin san gidan sauro? In kika naɗe shi kika sa a akwati, ya hana sauro cizonki?" Auta ta girgiza kai. Ta ce, "To haka maganin nan yake. Wanda yake cikin kwalba ba ya tsare kowa, sai wanda ya shiga ciki."

Ta ƙara da cewa sai an yi kwana 7 ana sha a jere kafin kariya ta kankama, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Duk wata uku za a sake gwajin jini. An duba mata ƙoda, an duba ciwon hanta nau'in B, domin mai wannan ciwo ba a so ta daina maganin kai tsaye ba da sanin likita ba. Kuma ta ja kunnenmu: ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya tsare mutum daga ciwon sanyi ko tunjere, wannan aikin kwaroron roba ne.

Maganin ba sabo ba ne. Tun shekarar 2012 aka amince da shi a Amurka da sunan Truvada, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk wanda ke cikin haɗarin kamuwa. Wanda ya sha shi yadda aka tsara, kariyarsa ta wajen saduwa takan kai kusan kashi 99 cikin 100.

Muka karɓi magani muka dawo gida, ni a zatona an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

ABIN DA NA GANI A AKWATIN LEFE

Duk sanda na buga waya na ce, "Auta kin sha?" sai ta ce, "Na sha Yaya." Ta koma asibiti bayan wata ɗaya, Sista ta tambaye ta, ta ce tana sha, aka ba ta sabuwar kwalba.

Wata Asabar na je gidanta za mu wuce suna. Tana wanka ta ce in ɗauko mata mayafi a akwatin lefenta. Ina ɗaga atamfofi sai hannuna ya taɓa wani abu a ƙulle cikin ɗankwali. Na kwance. Kwalabe biyu ne. Ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba. Ɗayar na zazzage a tafin hannuna na ƙirga: a cikin 30, saura 22.

'Yan'uwa, ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a bakin gado. Mako shida ke nan, ƙwaya takwas kacal ta sha.

Da ta fito ta gan ni da su a hannu, sai ta tsaya kamar an dasa ta. Na so in rufe ta da faɗa, har na buɗe baki, sai Allah ya sa na tuna cewa tsoron faɗan nan ne ya sa take ce mini "na sha". Na haɗiye, na ce, "Zo ki zauna. Ba zan yi miki faɗa ba. Gaya mini me ya hana."

Ranar ba mu je sunan ba. Ga abin da ta gaya mini.

Kwanakin farko maganin ya sa ta tashin zuciya da ciwon kai, har surukarta ta fara yi mata kallon mai ƙaramin ciki. Ta ji tsoro ta ɗan dakata.

Sannan gidan nasu na gandu ne, sashenta na jikin na Hajiya. Wani dare Hajiya ta shigo ba zato, ta ji ƙarar ƙwayoyi a kwalba, ta ce, "Ke maganin me kike sha haka? Ko na hana haihuwa ne?" Hajiya ba ta san halin da ɗanta ke ciki ba. Auta ta rasa amsa. Tun daga ranar ta binne kwalbar a ƙasan akwati, abin da ido bai gani ba kuwa zuciya takan manta.

Ta ce kuma wani lokaci sai ta dubi kanta a madubi ta ce, ni da lafiyata ƙalau, me ya haɗa ni da shan magani kullum kamar mai jinya?

Na ƙarshen shi ya fi taɓa ni. Ta ce, "Yaya, duk sanda na ɗauki ƙwayar nan sai in tuna. Sai in ji haushinsa, in ji haushin su Baba, in ji haushin kaina. In ban sha ba sai in ji kamar ba abin da ya faru, kamar muna nan yadda muke a satin biki."

BA ITA KAƊAI BA CE

Ranar Litinin na tasa ta a gaba muka koma wurin Sista. Tana ta roƙona kada in faɗa, na ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga mamakinmu Sista ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "Na gode da kika faɗi gaskiya. Wadda take ce mini komai lafiya ita nake jin tsoro."

Daga baya na bi diddigin maganar, na gane abin da ya samu Auta ya samu dubban mata. An yi wani babban bincike mai suna VOICE a kan mata 5,029 a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, aka bayyana sakamakonsa a 2013. Da aka tambayi matan, kusan tara cikin goma suka ce suna amfani da maganin yadda aka ce. Da aka auna jininsu, ko kashi ɗaya cikin uku ba a samu da alamar magani ba. Sakamakon haka binciken bai nuna wata kariya ba. Waɗanda suka fi barin maganin kuwa su ne 'yammata marasa aure 'yan ƙasa da shekara 25, kuma su ne suka fi kamuwa.

Amma wani binciken da aka yi a Kenya da Yuganda a kan ma'aurata sama da 4,700, waɗanda ɗaya na ɗauke da cutar ɗaya ba ya ɗauke da ita, ya nuna wani abu daban a 2011. Ƙwayar mai haɗin magani biyu ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100, waɗanda kuwa aka samu maganin a jininsu, kariyar ta kai wajen kashi 90. Magani iri ɗaya ne fa. Bambancin shi ne waɗannan sun sha. Su ba ɓoye wa juna suke yi ba, miji ya sani, mata ta sani, wani na tuna wa wani.

Nan na gane kuskurena. Na bar yarinya 'yar shekara 19 ita kaɗai da kwalba da sirri mai nauyin dutse, ina tambayarta ta waya kamar mai karɓar bashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ta koma kan maganin sai da aka sake auna ta. Wannan sharaɗi ne babba, domin wanda ya riga ya kamu bai sani ba, in ya ci gaba da shan na riga-kafi shi kaɗai, ƙwayar cutar na iya sabawa da maganin ta daina jin sa. Mintocin da muka yi muna jiran sakamakon nan, ban taɓa ganin lokaci mai tsawo irinsu ba. Auta ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya yi mini shaida. Sista ta dubi abin awon ta ce, "Alhamdu lillahi, babu." Ta ce amma za a maimaita nan gaba, saboda sabon kamu ba ya nunawa nan take, yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku. Kuma su riƙe kwaroron roba sosai.

DABARUN DA SUKA YI MANA AIKI

Mun zauna mu huɗu, ni da Auta da mijinta da Sista, muka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ga su nan, ko wata za ta amfana.

Na farko, muka ɗaura maganin a jikin abin da ba ya wucewa. Da fari mun ce bayan sallar Isha'i, tana sallamewa ta sha. Mako biyu abin na tafiya daidai, sai ta yi fashin salla, kwana biyu suka wuce ba ta sha ba, domin abin da ke tuna mata ya ɗauke. Sai muka gyara muka ce ba salla ba, kiran salla. Ladan ba ya fashi. Da ta ji an kira Isha'i, ko tana salla ko ba ta yi, lokaci ya yi. Ta kuma saita ƙararrawa a wayarta don ranar da ruwan sama ko rashin wuta ya hana a ji lasifika.

Na biyu, tashin zuciya. Sista ta ce wannan yakan samu wasu a makonnin farko, kuma yawanci yakan wuce kafin wata guda. Shan sa bayan tuwon dare ya taimaka, ta kwanta da shi, kafin safiya ya lafa. In abu ya yi tsanani a koma asibiti, kada a yanke hukunci a ɗaki.

Na uku, wurin ajiya. Maganin ya fito daga ƙasan akwati ya koma cikin jakar kayan kwalliyarta, wadda take buɗewa kullum kuma ba mai taɓa mata. Ta tura 'yar auduga mai tsabta a bakin kwalbar, ƙara ta ɗauke. Ba a ajiye shi a madafa ko a taga inda rana ke bugu, kuma a nesanta shi da hannun yara.

Na huɗu, maganar Hajiya. Wannan ba aikin Auta ba ne, na ɗanta ne. Na ce masa, "Malam, kai ne za ka tare mata wannan." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne Yaya, ni na bar ta a rana." Ya je ya sami mahaifiyarsa ya ce likita ne ya ɗora su a kan magani su biyun, da saninsa take sha, kuma ba na hana haihuwa ba ne. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi abin da bai shirya faɗa ba. Hajiya ta ce Allah ya ƙara lafiya, magana ta mutu.

Na biyar, ni ma na sauya salo. Na daina tambayar "kin sha?" domin amsarta a bakin kowa "na sha" ce. Muka yi yarjejeniya, in ta haɗiya sai ta yi mini filashin sau ɗaya. In ƙarfe tara ta yi ban ga kira ba, ni zan kira, mu yi hirar duniya, a ƙarshe in ce, "Ya baƙon namu?" In ta ce ta manta, ba faɗa, sai in ce tashi ki sha ina kan layi. Ranar Juma'a in na je gidan mu ƙirga abin da ya rage tare. Na lura tun da faɗa ya fita daga maganar, ƙarya ma ta fita.

Na shida, in an manta. Ƙa'idar ita ce ki sha da zarar kin tuna, washegari ki koma lokacinki. Ba a haɗa biyu don a rama. In kuwa kwanaki suka taru, a gaya wa ma'aikaciyar lafiya.

Na bakwai, tafiya da azumi. In za ta kwana gidan biki ko ta zo ganin gida, maganin ne farkon abin da ke shiga jaka. Da watan Ramadan ya kama ba mu sha wahala ba, tunda sau ɗaya ne a rana kuma dama da dare take sha. Mai sha da rana sai ta mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur. Ranar karɓo magani kuwa ba ma bari sai kwalba ta ƙare, saura mako guda muke zuwa.

Sauran matsala ɗaya, wadda ba auduga ko ƙararrawa da za ta magance: haushin da ke zuciyarta. Wannan mijin ne ya yi maganinsa, ba ni ba. Ya mayar da lokacin shan nasa maganin ya zama daidai da nata. In ya dawo daga masallaci sai ya ɗebo ruwa a kofi ɗaya, ya miƙa mata nata ya ɗauki nasa. Auta ta ce mini wani dare ya ce mata, "Ni ina shan nawa ne don kada in cuce ki. Ke kuma ki sha naki don in samu wadda za ta yi mini addu'a da lafiyarta." Ta ce tun daga ranar ƙwayar ta daina yi mata kama da hukunci.

YADDA TA KAYA

A wata na bakwai da fara maganinsa aka auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, na'ura ba ta gan ta ba. Mutumin da ya rame kamar sanda ya murmure ya koma kasuwa. Gwajin Auta na wata uku-uku duk suka fito lafiya.

Sista ta ce yanzu tana iya ajiye nata in suna so, tunda shi ba na har abada ba ne, na lokacin haɗari ne, amma ba a dainawa sai da shawarar asibiti. Auta ta ce a'a, suna neman haihuwa, hankalinta zai fi kwanciya in ta ci gaba. Aka ce ba laifi, domin maganin ba ya hana ciki, kuma ana ba masu juna biyu da masu shayarwa, lokutan da mace ta fi saurin kamuwa ma. Yau ga ta nan da 'yarta mace tana tatata, uwa lafiya, 'ya lafiya, uba na shan maganinsa.

SABABBIN HANYOYI

Ga wadda ƙwayar kullum ta gagara, masana ba su zauna ba. Akwai zoben roba mai magani da mace ke sawa a matancinta ta sauya duk wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, sai dai kariyarsa ba ta kai ta sauran ba. Akwai allurar kabotegirabir ta duk wata biyu, wadda hukumar ta amince da ita a 2022. Sai kuma allurar lenakafabir, sau biyu kacal a shekara. An gwada ta a kan 'yammata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda, kuma a sakamakon da aka bayyana a 2024, cikin 2,134 da aka yi wa allurar ba ko ɗaya da ta kamu. A watan Yulin 2025 hukumar ta ba da shawarar a yi amfani da ita.

Sai dai ku sani, ba kowane asibiti ke da kowane iri ba. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ga ƙasashen waje, abin da ya taɓa rabon maganin riga-kafin nan a ƙasashe da dama. Don haka a je sashen da ke kula da masu wannan lalura a babban asibitin gwamnati a tambayi abin da ke akwai. Allurar ma fa tana da ranar komawa, in an tsallake ta an koma gidan jiya.

GARE KU ƘANNENA

Na san wata za ta ce, Anti, mu da ko aure ba mu yi ba, me ya haɗa mu da wannan? Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar, kuma a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza fiye da sau uku. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban rubuta wannan don in buɗe wa kowa ƙofar banza ba. Kamun kai shi ne adon 'ya mace, kuma shi ne katanga ta farko. Amma Auta da kamun kanta aka kai ta ɗakin miji. Saboda haka ku riƙe abu huɗu.

Kada ki yarda a ɗaura miki aure ba gwaji, ko ɗan wane ne, ko ɗan'uwanki ne na jini. Ku je tare, ku ji sakamako tare.

In ƙaddarar fyaɗe ta faɗa wa wata, Allah ya kiyaye, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP. Dole a fara shi kafin awa 72 su cika, da wuri ya fi, kuma a sha kwana 28 ba fashi. Kada kunya ta sa a zauna a gida ana gasa jiki da ruwan zafi har lokaci ya ƙure.

Kada ki sayi maganin riga-kafi a kyamis ko ki karɓi ragowar na wata ba tare da gwaji ba.

Na ƙarshe, in kika ga kwalbar magani a jakar yayarki ko ƙawarki ko matar yayanki, ki kama bakinki. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar wariya, amma abin da ke sa mata binne magani a ƙasan akwati ba hukuma ba ce, bakinmu ne mu mata. In ta yarda da ke har ta gaya miki sirrinta, to ki zama mai tuna mata, mai raka ta asibiti, wadda za ta iya ce wa "na manta" ba tare da fargaba ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Allah shi ne mai tsarewa, shi ne kuma ya ba bayinsa ilmin magani. Har yau in aka kira Isha'i nakan dubi wayata, ko da yake Auta ta daɗe da wuce buƙatar tunina. Wani lokaci sai in ga filashin ɗinta ya shigo, in na kira ta yi dariya ta ce, "Ba komai Yaya, sabo ne."

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, Yayar Auta.